Mashi Da Takobi A Kan Doki: Me Ya Rage A Hannun Mahayan Arewacin Kamaru?

Duk wanda kasuwa ta taɓa riƙewa a Garwa ko Marwa ranar Sallah ya san abin da ake kira fantaziya a wannan yanki. Da an sauko daga Idi, sai mahaya su jeru a bakin fili, biyar-biyar ko goma-goma, su sako dawaki a guje zuwa inda Lamido yake zaune, masu a sama, takubba a zare, sai sun zo dab da shi su ja linzami, dawaki su yi zamiya, ƙura ta turnuƙe, algaita ta ɗauka, mata su rangaɗa guɗa. Abin da Bakano ke kira jafi ke nan. Haka ake yi a Demsa da Rai Buba da Bogo, har zuwa Pus, garin Sarkin Musgum da ke bakin kogin Logon, 'yar tafiya kaɗan daga Maga.

To amma mu da muka daɗe muna tsayawa a bakin waɗannan filaye, akwai abin da muka lura da shi wanda bai kamata mu yi shiru a kansa ba. Kayan doki sun ƙara kyau, jalala ta ƙara ƙyalli, rawuna sun ƙara girma, wayoyin ɗaukar hoto sun cika fili, amma hannun da ke riƙe da mashin ya yi sanyi. Mahayi matashi zai sako doki da mashi a hannu kamar mai riƙe da sandar kora, tsinin na lilo, yanzu ya nufi kunnen dokinsa, an jima ya nufi cinyar na kusa da shi. Wani kuma zai zare takobi, in ya zo mayar da shi cikin kube sai ya tsayar da doki cak, ya sa hannu biyu yana lalube. Dattawan da ke zaune kusa da Lamido suna ganin wannan, kawaici kawai suke yi.

Mai karatu zai iya cewa, to ina ruwan mai sayar da atamfa ko mai lodin shanshera da wannan? Ruwanmu yana ciki, kuma za mu zo kansa. Amma bari mu fara da faɗin abin da ake shirin rasawa, domin da yawa daga cikinmu sun ɗauka hawan doki da makami ado ne kawai tun asali.

Sana'a ce sukutum, wadda yaro ke fara koyo tun yana riƙe ragama a barga. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kanajeji, wajen shekarar 1400, aka shigo da lifidi da sulke da kwalkwali. Lifidi riga ce ta doki da mahayi da ake ɗinkawa a cusa mata audugar rimi har sai kibiya ta kasa hudawa. 'Yan lifida su ne ake sawa a gaba su karya layin maharba, sannan barade masu sauƙin kaya su biyo baya da masu da takubba. Kowane rukuni da irin horonsa. Mai lifidi dole ya san cewa in ya faɗi ba zai iya hawa shi kaɗai ba, kuma babban abokin gabansa wuta ce, don kibiya mai wuta in ta kama auduga sai dai a yi ta kwara ruwa. Barde kuwa sai ya iya bambanta mashin jifa da na suka, ya san lokacin da zai saukar da tsini, ya san yadda zai saki hannu bayan ya yi suka don kada ƙarfin gudun doki ya fizge shi daga sirdi ko ya karya masa tsintsiyar hannu. Sara da takobi daga kan doki ma ba ƙarfin dantse ba ne. Gudun dokin ke yin saran, mahayi kaifi kawai yake daidaitawa, yana kiyaye wuya da kunnuwan dabbar da yake kai. Sirdin nan namu mai tudu gaba da baya, da faffaɗar likkafa, da linzami mai zobe da ke tsayar da ingarma nan take, duk don wannan aiki aka ƙera su. Ita kanta zamiyar da muke tafa wa a yau, asalinta dabara ce ta tsayawa da juyawa kafin abokin gaba ya farga.

Lokacin da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga wajen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa daular da ta haɗa Yola da Garwa da Marwa da Ngaundere, Fulanin wannan yanki maharba ne a ƙasa, da baka suka fara. Harkar doki a wajen Barebari da Mandara da Hausawa suka ɗauko ta, shi ya sa har yau in ka shiga fadar Lamido za ka ji sarautu da ba sai an fassara maka ba: Sarkin Yaƙi, Galadima, Sarkin Zagi, Kaigama. Kayan kuma fatake ne suka kawo. Baturen nan Barth, wanda kakanninmu suka sani da Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana shigo da ruwan takubba masu ɗimbin yawa daga garin Solingen na Jamus ta hanyar Sahara, maƙera da dukawan Kano su yi musu ƙota da kube, sannan a bazu da su zuwa ƙasashe. Ke nan takobin da barden Garwa ya rataya ya bi ta hannun ɗan kasuwa Bahaushe kafin ya kai ga hamilarsa.

Ranar da wannan sana'a ta daina cin yaƙi ma an san ta. A 20 ga Janairun 1902, Lamido Zubairu na Adamawa, wanda Ingilishi suka fitar daga Yola a 1901, ya tara mahaya tare da Lamidon Marwa suka kara da 'yan tsirarun sojojin Jamus a ƙarƙashin Dominik a wajen garin Marwa. Bindiga mai ruwa ta gama da ɗaruruwan mutane cikin yini guda. Shekara ɗaya bayan haka, a 1903, dawakin Kano suka gamu da irin wannan a Kwatarkwashi. Daga nan mashi ya koma gaisuwar sarki. Sai dai waɗanda suka ga yaƙi sun koyar da 'ya'yansu, 'ya'yan suka koyar da jikoki, ana fita kilisa da yamma, ana sukuwa, ana gwada jifa. Wannan igiya ce take neman tsinkewa a zamaninmu, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne.

Babba daga cikinsu abinci ne. Doki ba ya san Sallah ta wuce. Kullum sai ya ci gero ko dawa, ya ci harawa, ya sha kanwa, a yi masa wanka, a biya yaron da ke kula da shi. Da can Lamido ke rabon dawaki ga bayinsa da hakimansa, talakawa na kawo hatsi da ciyawa. Dokar 1977 ta mai da sarakunan Kamaru mataimakan hukuma, ta kasa su daraja uku, sannan a 2013 aka yanka musu albashin wata: sefa 200,000 ga mai daraja ta ɗaya, 100,000 ga ta biyu, 50,000 ga ta uku. Duk wanda ya san farashin buhun gero a watan Agusta ya yi wa kansa lissafin dawaki nawa wannan kuɗi zai riƙe, bayan baƙi da fadawa da masu neman taimako da ke ƙofar fada tun asuba. Abin da ya biyo baya shi ne aron doki. Ana saura kwana uku Sallah, ko an ji gwamna ko wani ɗan takara zai zo, sai a aika ƙauyuka a tattaro dawaki, a ɗora wa kowanne yaron da bai taɓa hawansa ba, a miƙa masa mashin kakansa. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, mu kuwa ranar hawa muke koyon riƙe mashi.

Sai batun tsaro. Tun da aka sace wasu Faransawa 'yan gida ɗaya a kusa da Dabanga a Fabrairun 2013 bayan sun fito daga gandun dajin Waza, 'yan yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa daga Arewa Mai Nisa. Su ne a da suke zuwa kallon dorinar tafkin Maga da dogayen ɗakunan laka na Musgum a Pus, su biya a yi musu hawa a tsakiyar shekara, kuɗin ya shiga aljihun mahaya da dukawan Marwa. A ɗaya ɓangaren iyaka kuma, a 2015 sojojin Nijeriya suka hana hawan doki a jihar Borno, saboda 'yan Boko Haram sun koma kai hari a kan dawaki bayan an hana babura. Hanyoyin Banki da Amcide da na Gamboru da Fotokol suka shafe shekaru a rufe, sannan Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Ba sai mun ba ɗan kasuwa labarin abin da ya gani da idonsa ba. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne, ta waɗannan hanyoyi ne ingarma mai kyau da sirdi da linzami suke shigowa, kuma matashin da ya girma a waɗannan shekaru ya girma ne yana ganin mai doki da makami a matsayin abin zargi.

Ita ma Kano, uwar wannan harka, ba ta tsira ba. A Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Amma a Babbar Sallar 2024, da kuma Ƙaramar Sallar 2025, 'yan sanda sun hana hawa saboda rikicin sarauta tsakanin Muhammadu Sanusi II da Aminu Ado Bayero. A je a tambayi masu sayar da kayan doki a kasuwar Kurmi yadda suka ji. In Kano ba ta hau ba, mai ɗinkin jalala ba ya sayen zare, maƙerin likkafa ya koma ƙera kwasa, yaronsa ya tafi acaɓa, sai ka zo daga Garwa neman sirdi ka tarar wanda ya iya ya rufe rumfa. Darasin da ke nan a gare mu shi ne, takardar yabo daga waje ba ta ciyar da doki, kuma duk al'adar da ta rataya ga rana biyu a shekara, sanarwa ɗaya daga ofishin kwamishinan 'yan sanda ta isa ta kwantar da ita.

Yanzu mu dawo Maga, domin a nan maganar ta fi sarƙaƙiya, kuma wajibi ne mu faɗi gaskiya ko da ba ta yi mana daɗi ba. Wa aka soka da wannan mashi da muke kewa? A ƙarshen 1851 rundunar Shehun Borno Umar, a ƙarƙashin Waziri Alhaji Bashir, ta shigo ƙasar Musgum da dubban dawaki, Barth na cikin tafiyar, kuma ya rubuta abin da ya gani: garuruwa a ƙone, rumbuna a fashe, mata da yara a ɗaure ana kora su Kukawa. Bagirmi ma ta sha yin haka daga gabas, Fulanin Bogo da Marwa daga yamma. Su Musgum ba su zauna hannu rabbana ba. Suna da nasu kuru, ɗan gajeren dokin Logon mai jure ƙuda da taɓo, wanda ake hawa ba sirdi ba likkafa, igiya ɗaya a baki. Barth ya ce har rauni suke yi wa bayan kurun don mahayi ya manne kada ya zame. Makaminsu mashi ne da ƙarfen jifa mai rassa, dabararsu kuwa su ja babban doki cikin fadama inda nauyin lifidi zai nutsar da shi. Ke nan a ƙasar Maga makarantun hawa biyu ne suka haɗu, ta mai kai hari da ta mai kare gida, kuma ta biyun ta fi kusa da ɓacewa, don ba ta da fada mai algaita da za ta riƙa fito da ita.

Wannan tarihi bai mutu ba. A Agusta da Disambar 2021 rikici ya ɓarke tsakanin Musgum masunta da manoma da Larabawan Shuwa makiyaya a kan ruwa a yankin Logon Birni, ya kai har Kuseri inda aka ƙona kasuwar shanu. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce sama da mutum 85,000 suka tsallaka Cadi a Disambar nan kaɗai. Har da kibau da masu da adduna aka yi ɓarnar. Saboda haka in sufurefe ko kwamandan jandarma ya ji an ce za a tara samari a koya musu suka da sara a kan doki, ya ɗaure fuska, ba za mu ga laifinsa ba. Mu ma da za a ce a buɗe wannan harka sakaka, kowace ƙabila ta horar da nata samarin a bayan gari, da mu ne farkon masu cewa a'a, don rumfunanmu ne ke fara cin wuta.

Amma hanawa ba ta raba samari da makami. Abin da take raba su da shi ladabin makamin ne. Wasu ƙasashe sun gane haka. A Maroko akwai irin wannan hawa da suke kira Taburida, wanda UNESCO ta karɓa a 2021. Su da bindiga suke yi, mahaya su sako dawaki a layi ɗaya su harba a tare kamar harbi guda. Abin lura shi ne yadda suka tsara shi: kowace tawaga da shugabanta, ana gasa daga matakin lardi har zuwa kofin Sarki Hassan II a Rabat kowace shekara, alƙalai na ba da maki kan daidaiton layi da lafiyar doki da kyan sirdi da sutura. Sakamakon haka mahayi na atisaye duk shekara, mai ɗinkin sirdi kuma ba ya zaman jiran Sallah. Wanda ya fi kusa da namu kuwa shi ne wasan cire turke da sojojin doki na Indiya suka yaɗa: a kafa ɗan guntun katako a ƙasa, mahayi ya zo a sukwane ya tsire shi da mashi ko takobi ya ɗauke, ko a rataya lemo ya raba shi biyu yana gudu. Wasan yana da ƙungiyar duniya mai mazauni a Oman, inda aka yi gasar kofin duniya ta farko a 2014, kuma Sudan da Masar da Afirka ta Kudu duk suna shiga. A Turai ma, inda sana'ar ta mutu, akwai masu tono tsoffin littattafai suna ƙoƙarin gano yadda ake riƙe mashi a kan doki. Abin da suke nema a takarda, mu muna da shi a ƙwaƙwalwar tsofaffin da ke zaune a zaurukan Rai Buba da Demsa da Pus, ba wanda ya tambaye su.

A ganinmu wannan ita ce hanyar da ta rage. A mayar da abin gasa mai ƙa'ida: abin suka ya zama turke da kabewa da lemo, kada mutum ya fuskanci mutum, masu da takubba su kwana a fada a hannun Sarkin Yaƙi, a ƙirga su a fito da su, a ƙirga a mayar, kowane mahayi da sunansa a littafi da wanda ya tsaya masa, tawaga kuma ta zama ta gari, ba ta ƙabila ba, yadda Bamusgume da Bashuwa da Bafillace da Bahaushe za su tsaya a layi ɗaya da sunan Maga ko Girbidik. A ware wa kuru nasa rukuni, a hau shi ba sirdi kamar yadda masu shi suka gada. Mun san wasu a fada za su ce an mai da gaisuwar sarki wasan yara. Amsarmu ita ce jafi yana nan ranar Sallah ba wanda ya taɓa shi, sai dai ma a samu mahayan da suka iya yin sa. In kuma ana son a kai maganar UNESCO wata rana, kamar yadda bikin Nguon na Bamun ya shiga a 2023, na Ngondo na mutanen Duwala ya shiga a 2024, to gara a je da abin da ake yi a aikace.

Maga tana da abin da Garwa da Marwa ba su da shi. Tun da aka gina madatsar nan mai tsawon kilomita 27 a 1979 don noman shinkafar kamfanin SEMRY, akwai ruwa rani da damina, akwai dusar shinkafa da tattaka da ake zubarwa ko a ƙona, akwai ciyawar burgu a bakin tafki. Matsalarta ita ce ambaliya. An gani a 2012, lokacin da Shugaba Biya da kansa ya zo Girbidik, an kuma gani a 2024 da ruwa ya cinye unguwanni a Yagwa da Maga. Saboda haka ba maganar gasa da damina. Lokacinta shi ne Disamba zuwa Fabrairu, ƙasa ta bushe, hanyar Marwa ta kilomita kusan 80 ta buɗe, manomi ya sayar da shanshera yana da kuɗi a hannu, mutanen Cadi kuma na tsallako Logon da kwalekwale zuwa kasuwar Pus ta ranar Talata.

A nan ne ruwan ɗan kasuwa ya fito fili. Taron da zai tara mahaya daga Bogo da Pus da Yagwa da Katawa ta Cadi kwana biyu a jere, ciniki ne na gero da harawa da kanwa, na shadda da rawani, na fata da sirdi, na masauki da abinci da motar haya. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kayan dokin Kano da na kasuwar Maigatari sun yi wa mai sefa sauƙi, in dai ya samu wanda zai saya a nan. Mu ne kuma muke da abin da fada ba ta da shi, wato kuɗin hannu da sanin mutane a ɓangarori uku na iyaka. Alhazanmu da ke kashe dubban ɗaruruwa wajen yi wa doki ado don a gan su ranar Sallah, da za su ɗauki nauyin abincin doki biyu da ladan tsoho ɗaya mai koyarwa na shekara, da sun fi samun suna. Sarakunan Hausawa na Maga da Yagwa da Marwa, tare da shugabannin 'yan shinkafa da na 'yan tike, su ne ya dace su fara kai maganar gaban Sarkin Pus da magajin garin Maga, daga nan a je wa sufurefe da takarda a hannu tun kafin ya ji a bakin wani. Filin gwaji na farko ba ya buƙatar gini ko tallafin gwamnati. Turaku ashirin na katako da kwandon lemon tsami ba su kai kuɗin buhun shanshera ɗaya ba.